Shofer, Ɗari Ba Hujja Ba Ne

Ƴan'uwa, hunturu ya kama. A hanyar Maraɗi zuwa Damagaram da asuba muna ganin shofer ya rufe tagogi, numfashin fasinja ya dushe gilashin gaba, yana gudu yana gogewa da hannun riga. Wannan ganganci ne da rayukan talakawa. Ɗumin mota daga ruwan injin yake fitowa, kusan kyauta ne, a kunna shi. Kilim kuwa tana busar da iska. A haɗa su biyu, gilashi ya washe. Amma kada a kwana cikin mota a rufe injin yana aiki: gubar hayaƙinsa ba ta da wari, cikin barci take kisa. Bargo ya fi. Ku sanar da tasha ran kasuwa.