Kada Kunya Ta Hana 'Ya'yanmu Haƙƙinsu a Kwaleji

A watan Agusta na kowace shekara mukan tsayar da matasanmu a gaban jama'a mu sa musu albarka, domin za su shiga kwaleji. Da yawa daga cikinsu kwalejin al'umma suke shiga, wato kwalejojin nan na shekara 2 da suke warwatse a jihohin Amurka, wajen guda 1,000. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin makaranta da sauƙi, yaro yana kwana a gidan iyayensa, yana iya yin aiki da rana ya shiga aji da yamma, kuma yawancinsu suna karɓar duk wanda ya gama sakandare.

Amma akwai wata magana da ba mu cika son taɓawa ba. A cikin waɗannan matasa akwai wanda ba ya ji sosai, akwai mai ciwon sikila, akwai mai farfaɗiya, akwai kuma wanda yake da kaifin hankali amma karanta shafi ɗaya yakan ɗauke shi rabin awa. Muna sane da su, iyayensu ma suna sane, amma muna sallamarsu da gargaɗin cewa kada su gaya wa kowa. Ra'ayinmu shi ne wannan gargaɗi yana cutar yaran, kuma lokaci ya yi da dattawa za su sa baki.

Ba mu kaɗai ne muke yin shiru ba. Hukumar ƙididdigar ilimi ta gwamnatin tarayyar Amurka ta nuna cewa a shekarar karatu ta 2019 zuwa 2020, kashi 21 cikin 100 na ɗaliban digirin farko da na kwaleji sun ce suna da wata naƙasa. A 2022 kuma hukumar ta bayyana cewa kusan ɗaya cikin uku ne kawai na irin waɗannan ɗalibai suka sanar da makarantarsu. In haka abin yake ga 'yan ƙasa, ina ga baƙo wanda ya taso a inda ake ɓoye irin wannan magana ko ga dangi?

Abin da iyaye da yawa ba su gane ba shi ne, dokar sakandare dabam, dokar kwaleji dabam. Daga firamare zuwa sakandare, dokar da ake kira IDEA, wadda asalinta ya koma 1975, ta ɗora wa makaranta nauyin gano yaron da yake da matsala, ta gwada shi kyauta, ta kira iyaye, a rubuta masa tsarin karatu nasa na kansa. Ranar da yaro ya karɓi takardar gama sakandare, wannan tsari ya ƙare. A kwaleji dokoki biyu ne suke aiki: Sashe na 504 na dokar 1973, da dokar ADA wadda Shugaba George H. W. Bush ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuli 1990. Waɗannan dokoki sun hana kwaleji nuna bambanci, amma ba su ce ta je ta nemo ɗalibi ba. Ɗalibi ne da kansa zai taka zuwa ofishin kula da masu naƙasa, ya ce ga halin da nake ciki, ya kawo takardar likita ko ta ƙwararre. In bai je ba, babu wanda zai zo. Bugu da ƙari, bisa dokar FERPA ta 1974, da zarar yaro ya shiga kwaleji, bayanan karatunsa nasa ne. Uba ba zai buga waya ya ce lallai sai an faɗa masa sakamako ba, sai in yaron ya yarda.

To, me ofishin yake yi wa wanda ya je? Ana ƙara masa lokacin jarrabawa, galibi wanda ake ba awa 2 shi a ba shi awa 3. Ana iya sa shi a ɗakin da babu hayaniya. Kurma yana samun tafinta mai maganar hannu, ko a riƙa rubuta abin da malami yake faɗa a kan allon kwamfuta. Makaho yana samun littattafai da rubutun makafi, ko a tsarin da kwamfuta za ta karanta masa. Akwai izinin ɗaukar muryar malami, da mai rubuta masa darasi, da damar zaɓen aji kafin sauran ɗalibai, da rage yawan darussa a zango ɗaya. Kwaleji ba ta da ikon karɓar ko sisi a kan waɗannan. Abin da ba a tilasta mata ba shi ne kayan amfanin mutum na kansa, kamar keken guragu, ko na'urar ji, ko mai yi masa hidimar jiki.

Muna jan hankalin iyayen masu sikila da farfaɗiya musamman. Gyaran da aka yi wa dokar ADA a 2008 ya bayyana cewa ciwon da yake tashi ya kwanta shi ma naƙasa ne a idon doka, muddin yana hana mutum harkokinsa in ya tashi. Yarinyar da sikila takan kwantar da ita asibiti kwana biyar tana iya shirya batun fashin aji da jinkirin miƙa aiki tun kafin ciwon ya taso. Haka ma wanda ya ga tashin hankali a gida kafin ya zo ƙasar nan, har yanzu barci yana gagararsa. Amma a lura: wannan tanadi yana fara aiki ne daga ranar da aka amince da shi, ba ya komawa baya. Wanda ya jira sai da ya faɗi jarrabawa a Disamba sannan ya tafi ofishin, ya yi ihu bayan hari. An riga an biya kuɗin zango, sakamako ya shiga takarda, kuma faɗuwa tana iya taɓa tallafin kuɗin karatunsa.

Mun san abin da wasu dattawa za su ce, domin mun sha jinsa. Na farko, wai wannan alfarma ce, kuma za ta koya wa yaro lalaci. Amsar tana cikin wata shari'a da ta taso daga kwalejin al'umma. Wata mata mai matsalar ji, Frances Davis, ta nemi shiga kwas ɗin aikin jinya a Southeastern Community College da ke jihar Karolina ta Arewa, aka hana ta. A 1979 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, ba tare da wani alƙali ya saɓa ba, cewa doka ba ta tilasta wa kwaleji ta canza ainihin kwas ko ta sassauta ma'auninsa ba. Har yau a kan wannan ake tafiya. Jarrabawar ɗaya ce, makin cin jarrabawar ɗaya ne. Wanda bai yi karatu ba, ko an ba shi yini guda, ba zai rubuta abin da bai sani ba. Ba mu taɓa cewa mai sa tabarau ya yi maguɗi don ya ga allo ba.

Na biyu, wai sunan gida zai ɓaci, yarinya za ta rasa mijin aure, yaro zai rasa aiki. Wannan tsoro ba mu raina shi ba, domin mun san irin bakin mutanenmu. Amma takardun likita suna zama ne a ofishin. Wasiƙar da ake kai wa malami tana faɗin abin da za a yi wa ɗalibi, ba ta faɗin ciwonsa, kuma takardar sakamako ba ta ɗauke da wannan bayani. In gaskiya za mu faɗa, ba a kwaleji sunan yaro yake ɓaci ba, a bakin ƙofar majami'a ne bayan an tashi sujada. Maganin wannan yana hannunmu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma yaron da ya bar makaranta bayan zango biyu da bashi a wuyansa bai tsira da mutuncin da ake ƙoƙarin kare masa ba.

Ya kamata mu tuna cewa wannan haƙƙi ba a sama aka tsince shi ba. Dokar 1973 ta yi shekara 4 ba a fitar da ƙa'idojin aiki da ita ba. A watan Afrilu 1977 naƙasassu fiye da 100, ƙarƙashin jagorancin su Judy Heumann, suka shiga ofishin gwamnatin tarayya a San Faransisko suka ƙi fita kusan wata guda, wasu suna kwana a ƙasa ba magani ba wanka, har Sakatare Joseph Califano ya sa hannu ranar 28 ga Afrilu. Cikin waɗanda suka riƙa kai musu abinci har da wata majami'a ta birnin, Glide Memorial. Abin da wasu suka sha wuya suka samo, bai kamata mu bar shi a ƙasa saboda jin nauyi ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Iyaye su karɓi kwafin duk takardun gwajin yaro kafin ya bar sakandare, domin kwaleji ba ta da tilas ta biya kuɗin sabon gwaji, kuma gwajin matsalar koyo yakan kai dala 1,000 ko fiye. A tambayi hukumar koyar da sana'a ga naƙasassu ta jiha, domin takan taimaka, kuma wasu kwalejoji, musamman a Kalifoniya, suna yin gwajin da kansu. Inda waɗannan suka gagara, asusun taimako na ikilisiya ya ɗauki nauyin, a asirce, kamar yadda muke yi wa marasa lafiya. Malaman jinya da malaman makaranta da suke cikinmu su zauna da matasa tun watan Yuni, su koya musu yadda za su yi bayanin kansu da bakinsu, tun da doka ta ce su ne za su yi magana. Ana iya raka yaro har ƙofa, amma shi zai shiga. In kuma kwaleji ta ƙi yin abin da ya wajaba, akwai hanyar kai ƙara a cikinta, akwai kuma ofishin kare haƙƙin jama'a na ma'aikatar ilimi ta tarayya, wanda yake karɓar ƙara cikin kwana 180.

Daga ƙarshe, akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Sashen dokar ADA da ya tilasta wa kantuna da otal-otal su buɗe hanya ga naƙasassu ya tsame wuraren ibada. Babu jami'in da zai zo ya ci tararmu don matakalar ɗakin da muke haya ta hana mai keke shiga, ko don kurma yana zama awa 2 bai fahimci komai ba. To amma yaron da ya ga kwaleji ta tanadar masa tafinta ranar Litinin, ranar Lahadi kuma ya zo ya tarar ba a tuna da shi ba, wane darasi zai ɗauka game da matsayinsa a cikinmu? Muna roƙon majalisar dattawa ta kowace ikilisiya ta sa wannan magana a cikin abin da za ta tattauna a zamanta na gaba, tun kafin matasan bana su yi rajista.