Rabi Biyu, Layi Ɗaya

Bana asusunmu na nan Madarunfa ya fara sa lissafi cikin kwamfuta, ban da kayen da muka saba. Duk Laraba aikin ɗaya ne: suna, zubi, bashi, tara. Kin buga harafi biyu ko uku, sai na'urar ta ƙarasa miki da sunan da ta gani a sama. Da sauƙi kam, amma ku ji abin da ya same mu.

Rabi Babba tana cikinmu tun fari. Da Rabi Ƙarama ta shigo, magatakardarmu ta buga "Rab", na'ura ta cika "Rabi Babba", ita ko ta wuce ba ta duba ba. Sati 6 haka, dala ɗari ɗari, jika 3 ke nan a sunan wata. Ran rabo yarinyar nan har da hawaye. Kaye ne ya raba gardama.

Gaggawarmu ce ta ja, shi ya sa muka sake tsari. Kowace mace mun ba ta lamba, don Excel ba ya ƙarasa lamba tsurarta. In ya cika sunan da ba shi ba, a danna Suppr kafin Entrée. Kafin mu rufe akwati, a karanta layin kowa da ƙarfi, mai kuɗi ta ce "haka ne".

Tun 1991 da Mata Masu Dubara ta soma a jihar Maradi, amana ke riƙe akwati. Kar mu yar da kaye. Sai wata fitowa, in Allah ya kai mu.