Idan kanel ya ce babu, to babu ɗin ne

1/ Masu koyon rubuta kod ɗin kanel na Linux, yau da ku nake. Wannan ɗabi'ar ta neman furoses da lambarsa sannan a wuce ba a duba ko an same shi ba, wallahi ta isa haka. Ku biyo ni 🧵

2/ Duk shirin da ke gudana a kwamfuta yana da lambarsa, PID. Ka nemo shi da pid_task, in yana nan a miƙo maka, in ba ya nan a ba ka NULL. NULL ɗin nan amsa ce: wanda kake nema ya tafi.

3/ Sai ka ji wani wai "ai yanzun nan na ga lambar." Haba malam! Kafin ka ƙifta ido furoses ya gama aikinsa ya fita. Shi ya sa ake nema a cikin rcu_read_lock, a riƙe shi da get_task_struct.

4/ Manhajar gama-gari in ta taɓa NULL, ita kaɗai ke faɗuwa. A kanel kuwa, in an yi rashin sa'a, kwamfutar ce gaba ɗaya za ta sandare, har da aikin wanda bai ji ba bai gani ba.

5/ Ga darasi daga wani sashen kanel ɗin. A 2009, a Linux 2.6.30, direban tun ya yi amfani da adireshi kafin ya duba ko NULL ne. GCC ya ɗauka binciken bai da amfani, ya share shi. Brad Spengler ya nuna yadda za a ƙwace ikon na'ura ta nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

6/ Akwai kuma waɗanda suka fi ba ni haushi: su duba, su ga NULL, su mayar da 0 kamar komai lafiya. Ƙarya ce fa kuka shirga wa wanda ya kira ku. Kuskuren yana da sunansa, ESRCH, lamba 3. Shi kill ke mayarwa in ba furoses. Ku mayar da shi.

7/ Kar ku manta ana sake raba lambobin nan. A tsarin asali iyakarsu 32768, in an kai ƙarshe a zagayo. Ka ɓoye mutuwar furoses, mai kira ya ci gaba da riƙon lambar, can gaba ya kashe wani daban. Wannan matsalar ce ta sa aka kawo pidfd_open a Linux 5.3, a 2019.

8/ Masu cewa binciken na rage gudu, don Allah ku bari. Nemo furoses ɗin kansa ya fi layukan nan biyu nauyi nesa ba kusa ba.

9/ Kafin ka tura kod, ka kira shi da lambar furoses ɗin da ya riga ya mutu. In bai ce maka ESRCH ba, koma ka gyara.