A Kawo Canjin Sunan Mota Kusa da Mu

Daga Gidan Rumji zuwa Gazawa, a kan babbar hanyar Zinder, motoci da yawa na yawo da kart giriz, wato takardar mallakar mota, mai sunan wanda ya daɗe da sayar da su. Na san wani direban kasuwa a Agye da ya sayi tsohuwar Toyota, ya biya lamba ta shekara, amma takardar motar na ɗauke da sunan wani ɗan Tibiri. Ranar da aka yi haɗari, jandarmomi gidan mai tsohon suna suka nufa.

Mutanenmu ba ƙin haraji suke ba. Tafiya Maraɗi don canjin suna ce ke kashe musu gwiwa: kuɗin mota, wuni guda babu aiki, wani lokaci a ce ka dawo. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, motar Kwatano ta yi wuya, tsofaffin da ke gida sai ƙara canza hannu suke.

Ina roƙon hukuma ta ba ofishin haraji na kowace gunduma ikon karɓar takardar ciniki da kuɗin lamba rana ɗaya, a ba mai saye rasit ɗin da jandarma zai amince da shi har sabon kati ya fito.