Amurka: Yadda kyamarori suka fara yi wa alƙalan wasan besbol shari'a

A ranar 23 ga Satumban 2025, hukumar MLB mai gudanar da babbar gasar besbol ta Amurka ta amince cewa daga kakar 2026 ɗan wasa zai iya ƙalubalantar hukuncin alƙali nan take. Zai taɓa hularsa, kyamarori su nuna inda ƙwallo ta bi, filin wasa duka yana kallo.

Domin fahimtar nauyin matakin, sai an san aikin da ake taƙaddama a kansa. Alƙali yana tsugune ne a bayan mai cafe ƙwallo, yana tantance ko jifan da aka yi ya ratsa ta wata taga da ba a ganinta, mai faɗin inci 17, daga gwiwar mai bugu zuwa wajen ƙirjinsa. Ƙwallon kan zo da gudun fiye da mil 90 a sa'a, tana lanƙwasa. Fiye da shekara ɗari, abin da bakin alƙali ya furta shi ne gaskiya.

Na'urar QuesTec ce ta fara sa ido a kansu a 2001, kuma ba ta samu karɓuwa ba: a 2003 shahararren mai jifa Curt Schilling ya farfasa ɗaya daga cikin kyamarorinta. Zuwa 2008 tsarin PITCHf/x ya shiga dukkan filayen gasar, sannan Hawk-Eye ya karɓi aikin a 2020. Da alƙaluman suka fito fili, Mark Williams na Jami'ar Boston ya ƙirga kurakurai 34,294 a kakar 2018 kaɗai, kimanin 14 a kowane wasa. Ya kuma gano cewa matasan alƙalai sun fi tsofaffin hannu daidaito, alhali an daɗe ana fifita shekarun aiki wajen rabon manyan wasanni.

Wani bincike da mujallar American Economic Review ta wallafa a 2011 ya fi wannan tayar da hankali. Masu binciken sun ga alamar cewa alƙalai kan ɗan sassauta wa mai jifa idan launin fatarsu ɗaya, amma alamar takan ɓace a filayen da aka kafa QuesTec. Ke nan sanin cewa ana kallo ya isa ya gyara hali tun kafin a hukunta kowa.

Sai dai wa ke riƙe da ma'aunin? Hukumar tana bai wa alƙalanta maki a asirce, kuma ta daɗe tana yafe duk kuskuren da bai wuce inci biyu daga bakin tagar ba. Shi ya sa sakamakon cikin gida ya fi na masu sa ido daga waje kyau, irin su shafin Umpire Scorecards da ke wallafa makin kowane alƙali bayan kowane wasa. Sai a yarjejeniyar da aka ƙulla da ƙungiyar alƙalai a ƙarshen 2024 aka rage rangwamen zuwa kashi uku cikin huɗu na inci. 'Yan wasa da dama sun ce sun lura da sauyin ne a fili, kafin a yi musu cikakken bayani. Ita kanta tagar da na'ura za ta auna a 2026, mutane ne suka zauna suka zana ta: samanta kashi 53.5 cikin ɗari na tsawon mai bugu, ƙasanta kashi 27.

Akwai kuma abin da kyamara ba ta gani. A wasa na biyu na gasar ƙarshe ta 2022, Pat Hoberg ya yanke hukunci 129 ba tare da kuskure ko ɗaya ba, a lissafin Umpire Scorecards. A Fabrairun 2025 aka sallame shi saboda yin tarayya a asusun caca da wani abokinsa mai yin caca a kan besbol, ko da yake hukumar ta ce ba ta samu shaidar cewa ya murɗe wani wasa ba.

Koriya ta Kudu ta miƙa wa na'ura hukuncin gaba ɗaya tun 2024. Amurka ta zaɓi rabin hanya: kowace ƙungiya tana da damar ƙalubale biyu, kuma ba ta asarar damar idan ta yi daidai. A gwajin da aka yi a wasannin share fage na 2025, kusan kashi 52 cikin ɗari na ƙalubalen ne suka yi nasara. A sauran, alƙalin ne ya fi ɗan wasan gani.