Diplom ba ya tada sabar

Ƴan uwa matasa, mu faɗa ma juna gaskiya. Sabar, na'urar da ke riƙe bayanan banki da asibiti, ba a koyonta bisa allo. Yaro ya fito lakkwal da diplom, amma bai taɓa girka Linux ba, bai taɓa zare kuran ya ga ko na'ura za ta sake tashi ba. Da Najeriya ta yanke mana kuran a 2023, ai wannan gwajin ne ya samu kowa. Ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu. A ba ɗalibai tsofaffin kwamfutoci su kwance, su haɗa, su gwada, su gyara. In ba haka ba, kullum sai mun kira baƙo ya gyara mana, mu biya da tsada.