"Duk Abin Da Kuka Ba Ni": Tawali'u Ne Ko Cutar Da Kai?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Kwanakin baya wani ɗalibina da ya kammala bautar ƙasa ya zo mini da kuka. Wata makarantar kuɗi ta ɗauke shi aiki, da aka tambaye shi nawa yake so a biya shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Duk abin da kuka ba ni, Allah Ya sa albarka." Da wata ya ƙare aka miƙa masa abin da bai kai naira 70,000 ba, wato mafi ƙarancin albashin da aka sanya wa hannu a Nijeriya a shekarar 2024. Ga shi yanzu yana aiki da ƙunci, yana zagin masu makarantar a bayan idonsu.

Ya 'yan uwana matasa, da yawanmu mun ɗauki wannan shiru a matsayin tawali'u ko tawakkali. Ni kuwa a ganina kunya ce da aka ajiye ba a muhallinta ba. Malaman fiƙihu sun sharɗanta a babin ijara cewa lada ya zama sananne, aiki ko wa'adinsa ma sananne, kuma duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wannan wuri. Hikimar a fili take: abin da aka bari a dunƙule shi ke haifar da husuma. Dokar ƙwadago ta ƙasa ma ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da fara aiki.

Mu dubi ƙissar Annabi Musa (AS) da dattijon Madyana a Suratul Ƙasas. An ambaci wa'adi ƙarara, shekara 8, in ya cika 10 to daga gare shi ne, shi kuma ya nanata sharaɗin da bakinsa. Annabi Yusuf (AS) ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, ya kuma faɗi abin da yake da shi na tsarewa da sani. Sayyidina Abubakar (RA) da halifanci ya shagaltar da shi daga fatauci, an yanka masa abin da zai ciyar da iyalinsa daga baitulmali. Wa ya fi waɗannan tsoron Allah?

Sai dai ciniki ba ya tsayawa da fatar baki. Mai ɗaukar aiki ba ya ƙara maka don ka ce kana da iyali ko kuɗin mota ya hau tun cire tallafin mai a 2023. Yana ƙarawa ne idan ya ga rashinka asara ce. Siffofi biyu da 'yar dattijon nan ta ambata game da Musa, ƙarfi da amana, su ne jarinka, kuma ana tara su ne tun kafin ranar ganawa.

Na farko, ƙware a abin da ake buƙata kuma masu shi ba su da yawa. Takardar digiri kowa na da ita, amma malamin lissafi da ya iya shirya ɗalibai ga jarrabawar kwamfuta, ko akawun da ya iya manhajar lissafi, ba a samunsa a kowane lungu. Na biyu, riƙa rubuta abin da ka cim ma da adadinsa, domin hujja ta fi yabon kai. Na uku, tambayi waɗanda suka riga ka nawa ake biya a irin aikin, kada ka shiga kasuwa ba ka san farashi ba. Na huɗu, kada ka rataya a igiya ɗaya. Wanda yake da 'yar sana'a ko wani tayin a hannu yana iya cewa a'a cikin ladabi. Abdurrahman bin Auf (RA) da ya isa Madina, kasuwa ya nemi a nuna masa. Sannan ka tambayi abin da zai shigo hannunka bayan an cire haraji da kashi 8 cikin 100 na fansho, da batun asibiti, hutu da lokacin salla.

Akwai iyaka kuma. Na ji ana ba matasa shawarar su ƙirƙiro tayin ƙarya, ko su kumbura tsohon albashinsu don a ƙara musu. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, kuma 'yar uwar najashu ce, wato ɗaga farashi da yaudara, wanda Manzon Allah (SAW) ya hana. Albashin da aka gina a kanta, da shi za ka ciyar da 'ya'yanka kowane wata. In ba ka son bayyana tsohon albashinka, ka ce ba ka so, ka faɗi abin da kake nema.

Wani zai ce ai an hana neman muƙami. Hanin da aka yi wa Abdurrahman bin Samura (RA) a kan kwaɗayin shugabancin al'umma ne, ba a kan ladan gumi ba. Wani kuma zai ce aiki ya yi wuya, in ka yi ciniki za a ɗauki wani. Gaskiya ne wani lokaci dole ka karɓi kaɗan. To ka karɓa da sani, ka nemi a rubuta cewa za a sake duba albashin bayan wata 6, kuma da zarar ka amince, ka yi aikin da zuciya ɗaya, domin alkawari ya hau kanka.

Arziki na Allah ne, amma an umarce mu da riƙo da sababi, faɗin haƙƙinka da gaskiya kuwa yana cikin sabuba. Allah Ya azurta mu da halal mai albarka, Ya tsare mu daga zalunci da cutar da kai. Wallahu a'alam.